Gidan abinci a Kano: Zoo Road, titin Gwarzo ko bakin Kwari?

Baban Hanifa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gine-gine da ta sayar da abinci a garin nan. Muna shirin buɗe gidan abincin gargajiya: masa da safe, tuwo da shinkafa da rana, gurasa da farfesu da daddare. Lissafinmu kujera 40, faranti kamar 200 a rana idan ciniki ya kankama.

Dillalai sun kawo mana wuri uku. Na farko shaguna ne a ƙasan wata sabuwar filaza a Zoo Road, haya da tsada amma wurin a idon jama'a yake. Na biyu tsohon gidan zama ne a bakin titin Gwarzo, gaba da Kabuga wajen Rijiyar Zaki, fuloti ƙafa 50 sau 75, hayarsa da sauƙi sai dai yana buƙatar gyara sosai. Na uku shago biyu ne a jere ta ɓangaren Fagge, taku kaɗan zuwa Kantin Kwari.

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne yadda garin yake sauyawa. Wurin da ake ciniki bara, bana an yi gada ko an raba titi da shinge, masu shaguna sun koma zaman jira. Ta yaya mutum zai gane wurin da zai ɗore? Waɗanne takardu ake nema kafin a mayar da gidan zama wurin kasuwanci? Ruwa da wuta kuma yaya ake lissafinsu? Allah ya saka da alheri.

Mai Taswira

Wa alaikumus salam Malam. Kafin maganar takarda, ka fara da awo, domin awo kaɗai zai iya fitar maka da ɗaya daga cikin ukun. Kowace kujera tana cin kusan murabba'in mita 1.3 idan an haɗa da tebur da hanyar wucewar masu kai abinci. Kujera 40 ke nan murabba'in mita 52. Kicin da sito za su ci 25 zuwa 30. Ƙara banɗaki biyu, wurin wanke hannu da na alwala, ka doshi 100. Shagon filaza yawanci ƙafa 12 sau 12 ne, wato murabba'in mita 13. Sai ka kama shago bakwai a jere ka fasa bangon da ke tsakaninsu, kuma ba kowane mai filaza ne zai yarda a taɓa masa bango ba. Shago biyun Fagge kuwa ba wurin zama ba ne, kanta ce ta miƙa abinci. Gidan titin Gwarzo ne kawai ya ɗauki tsarin da ka faɗa, domin 50 sau 75 ya kai murabba'in mita 350.

Sai maganar titi, wadda ita ce ta fi damun ka. Kano gari ne da jama'a suke kwararowa tsakiya da safe, Kwari, Singa, Sabon Gari, Wambai, sakatariyar Audu Bako, su kuma fantsama waje da yamma ta manyan tituna: Zariya zuwa Unguwa Uku da Na'ibawa, Gwarzo zuwa Rijiyar Zaki da Janguza, Katsina zuwa Kurna da Rijiyar Lemo, Hadeja zuwa Yankaba, Maiduguri zuwa Hotoro da Mariri. Mai tafiya kasuwa da safe sauri yake yi, ba ya tsayawa. Mai komawa gida shi ne yake tsayawa ya yi wa iyali tsaraba. Tunda a hannun dama muke tuƙi, wurin da yake hannun daman mai fita daga gari ya fi na tsallakensa ciniki nesa ba kusa ba, ko da kuwa suna kallon juna. Ka duba gidan nan a wane hannu yake. Idan a hannun masu shigowa gari yake, kuma an raba titin da kankare, auna nisan mahadar da mota za ta juya. In ta wuce mita 300, mafi yawan masu mota ba za su juyo saboda tuwo ba.

Gadar sama da ta ƙasa suna warware cunkoso, amma suna ɗauke mai saye daga bakin shago. Dubi Dangi, Ƙofar Nasarawa, Hotoro, da doguwar gadar titin Murtala Muhammad ta Sabon Gari. Motar da a da take tsayawa a danja ko take rarrafe a shataletale, direba yana kallon alluna yana jin ƙamshin tsire, yanzu ta sama take wucewa ko ta ƙarƙashin ƙasa. Wanda shagonsa ya faɗo daidai gangaren gada ya fi kowa asara: mota tana saukowa da gudu, ga shinge, ba wurin tsayawa. Ciniki yakan koma can gaba, inda gadar ta ƙare mota ta dawo hayyacinta, da kuma inda 'yan adaidaita sahu suka mayar wurin sauke fasinja. Haka kuma lokacin aikin kansa, kamar na Tal'udu da Ɗan Agundi da aka fara a 2024, hanya takan rufe wata da watanni, haya kuwa ba ta tsayawa. Don haka wurin da yake dab da babbar mahada mai cunkoso wadda ba a riga an yi mata gada ba, ka ɗauka ana iya yi mata gobe.

Wurin ajiye mota: kowace mota tana buƙatar mita 2.5 sau 5. Fuskar ƙafa 50 mita 15 ce, in ka cire ƙofa mota biyar za ta ɗauka. Kada ka tsara shi yadda sai mota ta yi baya ta hau babban titi, kuma kada ka dogara da gefen kwalta, domin aikin KAROTA ke nan, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha, kuma wanda aka taɓa kama wa mota a ƙofarka da wuya ya dawo. Gara ka rushe katangar gaba ka ja ginin baya.

Yanzu takardu. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, filin birni a hannun gwamna yake, kuma takardar mallaka tana faɗin abin da aka ba da filin dominsa: zama, kasuwanci ko masana'anta. Mayar da gidan zama gidan abinci sauya manufar fili ne, ana nemansa ta ma'aikatar ƙasa da tsare-tsare, KNUPDA kuma, hukumar tsara birane ta jiha, ita ke duba zanen gini ta amince. Matakan a jere: ka karɓi kwafin takardar gidan daga mai shi, ka kai KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta jiha, a bincika ko sunan da ke jiki shi ne a fayil, ko akwai jingina ta banki ko rikici a kansa. Sannan mai zane mai rajista ya zana gyaran da za a yi, da tsarin magudanar ruwa da wurin ajiye mota, injiniya ya sa hannu idan za a cire bango ko a ɗora bene. A shigar, a biya a banki a karɓi rasit, a jira amincewa a rubuce kafin a sauke yashi. Wanda ya fara aiki da "an ce ba komai" shi ne ake shafa wa jan fenti a bango.

Matsalar unguwannin bakin gari ita ce da yawansu awon igiya ne. Tsarin shekara ashirin da aka yi wa birnin a 1963 ya ƙare tun 1983, gari kuwa bai tsaya ba, gonaki aka yi ta yankawa ana sayarwa da takardar mai unguwa. Irin wannan gidan sai an fara daidaita takardarsa kafin a yi maganar sauya manufa, kuma a nan ne za ka gane ko wani ɓangarensa ya shiga hakkin titi. Ka ɗaga kai kuma ka duba wayar wuta: layin 11kV da 33kV ana barin mita 5.5 kowane gefe, na 132kV mita 15.

Game da filazar, tambayi asalin filin. Rusau ɗin watan Yunin 2023, na shagunan filin Idi da gine-ginen Otal ɗin Daula, ya faɗa ne a kan wuraren da gwamnati ta ce filayen jama'a ne aka yanka. Duk abin da aka gina a jikin badala, ko aka gutsuro daga makaranta, maƙabarta, asibiti ko masallacin Idi, ka bar shi ko da an nuna maka takarda mai hatimi.

Baban Hanifa

Na gode ƙwarai Yallaɓai. Gidan a hannun masu fita daga gari yake, kuma mai shi ya ce yana da takardar gwamnati, za mu kai a bincika. Abin da na lura shi ne daɓen gidan ya yi ƙasa da titi, sai an sauka taki biyu ake shiga. Akwai rijiya a tsakar gida, ruwan famfo kuwa maƙwabta sun ce ba ya zuwa.

Injiniya

Malam, wannan taki biyun da ka ambata a ƙarshe shi ne babban kuɗin da ke cikin gidan. Duk lokacin da aka sake shimfiɗa kwalta titi yana ƙara tudu, tsofaffin gidaje suna komawa rami. A watan Agusta, idan lambatu ya cika da leda da yashi, ruwan titi gidanka zai shigo, kuma ruwan wanke-wankenka ba shi da gangaren da zai fita. Ka sa a ɗauki lebur, wato a auna bambancin tudun titi da daɓen, daga tsakiyar kwalta. Daɓen gidan abinci ya kamata ya ɗara titi da santimita 45 aƙalla. In za a yi ciko har haka, duba tsayin rufi: idan bayan ciko daga daɓe zuwa silin bai kai mita 3 ba, kicin zai zama tanderu a watan Afrilu da zafi yake haura digiri 40, dole a ɗaga rufin. Cikon kuma da jar ƙasa ake yi, a daddaɓe ta shimfiɗa-shimfiɗa santimita 15, a sa leda kafin kankare saboda damshi. Ka yi wannan lissafin kafin ka ce hayar da sauƙi.

Ruwa. Ka ɗauki lita 15 a kan kowane faranti, girki da wanke-wanke da wanke hannu da banɗaki da goge daɓe. Faranti 200 lita 3,000 ke nan a rana, jarka 120 mai lita 25, wato kurar 'yan garuwa goma idan kowace tana ɗaukar jarka 12. Tambayi kuɗin jarka a unguwar a watan Afrilu, ba a watan Satumba ba, ka ninka da 120, ka ninka da 30. A nan za ka ga ko burtsatse za ta mayar da kuɗinta. Sai dai yawancin birnin Kano a kan dutse yake zaune, ruwan yana cikin tsagogin dutsen ne, shi ya sa wani ya haƙa ya samu, maƙwabcinsa ya haƙa ya tashi a banza. Kada a kawo injin haƙa sai masu auna ƙasa sun gwada sun nuna wuri da zurfi. Rijiyar tsakar gida kada ka sa ta a lissafin girki. A unguwa mai cunkoso masai yana kusa da ita ta kowane gefe, ga shi takan ja baya daga Maris zuwa Mayu. Tsakanin rijiya ko burtsatse da ramin masai ana son mita 30, abin da fuloti irin naka ba zai bayar ba, don haka a kai ruwan ɗakin gwaji kafin a dafa da shi. Ajiya ta kwana biyu: tankin ƙasa mai lita 5,000, na sama mai 2,000. Na saman nan idan ya cika tan biyu ne, a yi masa ƙafafunsa na ƙarfe, kada a ɗora shi a kan tsohon bango.

Abin da ya fi haɗa gidan abinci faɗa da maƙwabta da duba-gari shi ne ruwan wanke-wanke. Manja da kitsen naman sa suna fita da ruwan zafi a narke, su tarar da bututu mai sanyi su daskare, musamman da hunturu. Ruwan tacen shinkafa da guntun tuwo su manne a jiki su yi tsami. Wata biyu zuwa uku bututu ya toshe, ko sokawe ya daina tsotsewa saboda maiƙo ya like ƙasar. Maganinsa ramin tare maiƙo tsakanin wurin wanke-wanke da sokawe: tsawo mita 1.2, faɗi santimita 60, zurfin ruwa santimita 60, zai riƙe lita 400 da 'yan kai. A raba shi gida uku da bango biyu waɗanda ruwa yake bi ta ƙarƙashinsu, bututun fita kuma ya nutsa ƙasa da saman ruwan, don maiƙon ya taso ya tsaya a sama. Bututu mai inci 4, gangaren santimita 1 a kowane santimita 40. In gangaren ya yi kaɗan ruwa ya kwanta, in ya yi yawa ruwa ya gudu ya bar dusar. A sa rariya a bakin kowane wurin wanki, a kwashe maiƙon sama kullum da dare, a yashe ramin duk mako. Bututun banɗaki dabam, kada ya bi ta cikinsa. A filaza wannan ramin ne ba za ka sami inda za ka haƙa ba, domin an gina ta ne don masu sayar da atamfa da waya.

Gas: babban murhu ɗaya yana shan kusan rabin kilo zuwa kilo ɗaya a awa gwargwadon yadda aka buɗe shi. Murhu huɗu na awa shida za su ci kilo 15 ko fiye a rana, tukunya mai kilo 50 kwana uku ke nan. Ka ajiye biyu, a waje, cikin keji mai iska da inuwa, bututun ƙarfe ya shigo ta bango da makunni a inda hannu zai kai. Gas ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwantawa, don haka kada tukunya ta zauna kusa da bakin kwata ko a ɗakin da ba shi da huda ta ƙasa. A gwada mahaɗai da ruwan kumfa duk lokacin da aka sauya tukunya. Na'urar kashe gobara mai hoda, kilo 9, ɗaya a ƙofar kicin ɗaya a wurin zama, da bargon kashe wuta kusa da kaskon suya. A koya wa ma'aikata cewa ba a watsa wa mai ruwa idan ya kama, rufe shi ake yi. Idan za a yi tuwo da itace ko gawayi, a ware masa rumfa a baya, bututun hayaƙi ya ɗara ƙololuwar rufi da mita ɗaya.

Wuta: firiza biyu wat 400, firjin lemo 250, fanka takwas 560, fitilu 200, fankar zuƙe hayaƙi 400, injin tura ruwa 750. Jimla kusan kilowat 2.6, janareto mai kVA 5 ya isa, da sararin fizgar da firiza take yi in za ta tashi. Da ka ƙara na'urar sanyaya ɗaki biyu masu doki ɗaya da rabi, ka koma kVA 10. Tambayi KEDCO, kamfanin rarraba wutar lantarki, layin unguwar a wane rukuni yake. Rukunin A an yi masa alkawarin awa 20 a rana, amma a Afrilun 2024 kuɗinsa ya ninka fiye da sau uku zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage. Ka nemi mitarka ta kati kai kaɗai. In za ka sa sola, firiza da fitilu da fanka za ka ɗora mata, injin ruwa ya yi aiki da rana tsaka.

Hajiya Mai Tuwo

Sannunku da ƙoƙari. Ɗana Baban Hanifa, duk abin da suka faɗa haka yake, amma ni ban yarda a jefar da shagon Fagge da wuri haka ba, kuma kujera 40 ɗin nan ina ganin ta yi yawa.

Wuraren nan uku masu ci iri uku ne. Ɗan kasuwar Kwari ba ya barin shago ya je ya zauna cin abinci, aike yake yi, ko a kai masa a kula. Cinikinsa daga bayan azahar ne zuwa la'asar, awa uku, amma mai yawa ne kuma kullum ne, kuma idan hannunka ya yi masa daɗi layinsu gaba ɗaya ka samu. Titin Gwarzo cinikin yamma ne da dare, da ɗaliban Jami'ar Bayero da ma'aikatanta. Wannan kuwa yana da hutu, yana da yajin aiki. Na 2022 wata takwas ya yi, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Zoo Road ta masu fita shan iska ce da daddare, shawarma da kaza da askirim, masu tuwo ba su ne suka fi yawa a can ba. Kuma girman gini ba ya riƙe ciniki, Shoprite ma ta rufe reshenta na Ado Bayero Mall a Janairun 2024.

Shawarata a haɗa biyu. A yi kicin a gidan titin Gwarzo inda akwai fili da wurin ramin da Injiniya ya faɗa, a sa kujera 24 kawai, da wani ɓangare mai labule don mata da iyali, domin magidanci ba zai zaunar da matarsa a tsakiyar samari ba. Sauran filin gaba a yi doguwar kanta mai taga a bakin titi, saboda a garin nan wanda zai ce a zuba masa a roba ya tafi gida ya kai wanda zai zauna yawa, ko ya fi. Shago ɗaya a Fagge ya zama wurin rabawa, ba a kunna wuta a ciki. Wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 ya san dalilin da ya sa 'yan kasuwa ba sa son murhu kusa da kayansu. Abinci ya bar kicin ƙarfe 11 da rabi a adaidaita sahu, cikin manyan kuloli, miya dabam, tuwo a naɗe, kafin cunkoson azahar.

A nan sai a kula da zafi. Dafaffen abinci tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta suke yaɗuwa a cikinsa, shinkafa ta fi komai saurin lalacewa, kuma gubar da take yi ɗumame ba ya kashe ta. A ɗauraye kula da tafasasshen ruwa kafin a zuba, a cika ta har baki, kada a yi ta buɗewa. Abin da ya huce ya yi awa biyu a waje ba na sayarwa ba ne. Miyar taushe da duk mai gyaɗa ko kabewa takan yi tsami kafin la'asar a lokacin bazara, gara a yi ta tukunya biyu, ta safe da ta yamma. Miyar kuka ta fi haƙuri.

Riba kuwa a ludayi take. Sayi sikeli tun ranar farko, domin kwanon awo ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Faranti ɗaya giram 140 na ɗanyar shinkafa, buhu mai kilo 50 ya kamata ya ba da faranti 357 a takarda. Cire ƙanzo da abincin ma'aikata, ka sa ran 330. In ka ga buhu yana ƙarewa a 280, ko mai zubawa tana cika hannu ko abinci yana fita ta ƙofar baya. Nama kilo ɗaya marar ƙashi yanka 20 ne mai giram 50, kuma yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku bayan tafasa da suya, don haka a ƙirga yanka tun yana ɗanye, a rubuta, a ƙirga abin da ya saura da dare. Kayan girki kada su wuce kashi 45 cikin ɗari na ciniki, haya kada ta wuce kashi 10. Da wannan za ka auna filazar Zoo Road: raba hayar shekara gida 330, ka ninka da goma, abin da ya fito shi ne cinikin da dole ka yi kullum. Na ce 330 ne saboda azumi. Wata guda babu cinikin rana, sai buɗa-baki da sahur, kuma wanda bai shirya ƙosai da kunu da farfesu da kwangilar ciyarwa ba, watan zai ci masa jari. Ga kuma Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli daga ƙarfe 7 zuwa 10, ranar cinikin masa ya tafi.

Sayayya: hatsi da wake a Dawanau, mai da taliya da kayan ɗanɗano a Singa, kayan miya a Yankaba da sassafe, nama a Abbatuwa, kifi a Galadima. Tumatir yana araha daga Janairu zuwa Maris lokacin da na Kadawa da Kura yake fitowa, ya yi tsada da faɗuwar damina. A lokacin arahar ake markaɗawa a tafasa har ruwan ya tsane a sa a firiza, a kuma ajiye kauɗa. Gurasa kada ka wahalar da kanka da gina tanderu, ka yi ciniki da masu yin ta a Jakara su riƙa kawowa, kai dai ka iya haɗa ƙuli da yaji da mai.

Ma'aikata kuma a kai su gwajin lafiya duk wata shida, taifot da ciwon hanta da tarin fuka, a ajiye takardun inda duba-gari zai gani. Yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, don asusun banki da POS su fito da sunan gidan, kuɗi kada ya riƙa shiga asusun yaron kanta. Zoɓo da kunun aya na sha a wurin ba su da matsala, amma ranar da ka fara ɗurawa a gora da suna kana kai wa kantuna, maganar NAFDAC ta shigo.

Mai Taswira

Hajiya ta yi gaskiya a kan kujerun, kuma rage su zai ƙara wurin ajiye mota. Abu ɗaya ya rage, yarjejeniyar haya. Gyaran da Injiniya ya lissafa, ciko, ɗaga rufi, burtsatse, ramuka, duk a cikin ƙasar wani za ka binne su, ba kuma za ka tafi da su ba. Hayar shekara ɗaya ba ta dace da irin wannan kashe kuɗi ba, domin da mai gida ya ga layin motoci zai ninka haya ko ya ce ɗansa zai yi sana'ar. Nemi shekara biyar a rubuce a gaban lauya, a faɗi nawa za a ƙara da kuma yaushe, a faɗi kuɗin gyaran da za a riƙa cirewa daga haya, a kuma faɗi abin da zai faru da ragowar kuɗinka idan gwamnati ta faɗaɗa titi ta ci gaban gidan. Neman sauya manufar fili da sunan mai takarda ake yi, ba da sunan ɗan haya ba, don haka sa hannunsa a kan wannan ya shiga yarjejeniyar kafin ka biya, la'adar dillali ma sai bayan an sa hannu.

Ka kuma tambaya ko gidan gado ne. Tsofaffin gidajen bakin titi da yawa haka suke, wanda yake karɓar haya ɗaya ne daga cikin magada. In ba a raba ba, a kawo takardar kotu da ta nuna wakilin magada, ko dukkansu su sa hannu, har da matan da suke gidan aure, mai unguwa ya shaida. In an raba, a nuna maka takardar rabon, ka duba ko tsakar gidan da za a haƙa burtsatse da ramin maiƙo ta faɗo a kason wanda yake ba ka hayar.